Harsashi a Finjalin Gahawa

Lokacin da muke zaune a unguwar Bani Malik a Jidda, maigidana direban babbar mota ne, amma zuciyarsa tana wajen farauta. Da kansa yake ɗura harsashinsa. Kafin ya ɗura, sai ya auna dalmar ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin ma'aunin da nake sayar da turaren wuta da shi. A cewarsa, in nauyinsu ya bambanta, wani ya faɗi ƙasa, wani ya wuce sama, zomo ya tsira. Yakan raba su kashi uku a finjalan gahawata.

Wata Alhamis ya wuni yana wannan aiki. Ya fita sallar La'asar ke nan, sai ga baƙi daga unguwar Waziriyya. A Jidda wa yake barin baƙo ba gahawa? Na juye finjalan nan a kwano ɗaya, na wanke abina.

Da ya dawo ya leƙa kwanon, sai ya dafe kai. "Hajiya, kin kashe ni! Aikin wuni guda!"

Na ce, "Halas, ya isa haka, Alhaji, miƙo ma'aunin."

Shekarata goma ina auna turare. Kafin Magariba na rarrabe su tsaf.

Washegari ya dawo da zomaye huɗu, bakinsa har kunne. Tun daga ranar ni ke auna, shi ke harbi. In abokan farauta suka yaba idonsa, sai ya miƙa musu harsashi ɗaya ya ce su shinshina. Ƙamshin turarena suke ji.