Tafiye-tafiyen Baba Zuwa Droum

Mahaifina malamin lakwal ne, makarantar boko, kuma ko bayan ya ajiye aiki duk unguwar Birni ta Damagaram "Mushe" ake ce masa, wato malam da Faransanci. Mutum ne mai tsara komai tun kafin lokacinsa. Da ya haura saba'in sai ya zauna ya tsara mutuwarsa.

Burinsa ɗaya ne: a binne shi a ƙauyensu na wajen Droum, kusa da mahaifinsa. To amma ya san halin mutanen Damagaram. Ka cika da hantsi, kafin azahar sun sallace ka sun kai ka, ba wanda zai ɗora gawa a mota ya kama hanyar ƙauye cikin zafin nan. Saboda haka ya yanke shawara cewa shi zai kai kansa da ransa.

Ya haɗa jaka ya rataye a ɗakinsa. A ciki akwai likkafani, da turare, da busasshen ganyen magarya na wanka, da maganin tansiyo. Inna, mahaifiyata, ta leƙa jakar ta ce, "Malam, mai tafiya mutuwa me zai yi da maganin hawan jini?"

"Kada in mutu a hanya," in ji shi.

Ni ne mai tsohuwar mota a gidan, don haka wahalar a kaina ta ƙare. Ranar farko zazzaɓi ne ya kama shi. Ya kira ni a waya ya ce lokaci ya yi. Na fito daga biro, wajen aikina, a guje, na tuƙa shi ina share hawaye, shi kuwa yana ta gyara mini tuƙi.

Ƙauye ya taru kaf. Baba ya kwanta a tabarma ya fuskanci gabas, aka yi ta shigowa ana neman gafara. Ya roƙi ƙanensa, Baffa, ya yafe masa ƙwan zabin da ya sace tun suna yara, aka daki Baffa a kai. Baffa ya yi kuka ya yafe. Baba ya ba shi babbar rigarsa ta Juma'a, ya ba liman rediyo. Aka yanka zakara don ya ɗan kurɓi romo na ƙarshe. Ya kurɓi romo, ya bi da cinya, ya nemi fura. Kwana uku sai ga shi a gonar gyaɗa yana gaya wa manoma sun yi shuka a cushe.

Ranar da za mu koma, Baffa ya rako mu har bakin mota sanye da rigar. Baba ya dube ta, ya sake dubanta. Sai da muka hau hanya ya ce, "Ba ta ma yi masa kyau ba."

Muna shiga gida Inna ta ɗago kai daga tsintar shinkafa. "Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen lahira?"

Daga nan abin ya zama sana'a. Tari, Droum. Ciwon baya, Droum. Akwai ranar da ya ci wake da yawa, muka tafi. Laifukan da zai nemi gafara a kansu suka ƙare, har ya koma maimaita ƙwan zabi. Masu zuwa gaisuwa suka ragu, sai wata tsohuwa kurma da ke kuka kowane zuwa. Matar Baffa ta rantse kajinta sun gane ƙarar motata, da sun ji sai su faɗa cikin dawa. Shef ɗina, shugabanmu a biro, ya ce, "Wai babanka nawa ne?"

A tafiya ta shida na fusata. Na ce, "Baba, don Allah, ai ƙasa duk ta Allah ce."

"Na sani," ya ce. "Amma ni ban iya kwana a baƙon wuri ba."

Na yi dariya ban so ba. Gaskiyar magana, zirga-zirgar nan ta cire mini tsoron abin. Mun yi bankwana da shi sau da yawa har na iya, na daina jin faɗuwar gaba in an ambaci likkafani a gidanmu.

Inna kuwa ba ta haɗa jaka ba, ba ta nemi mota ba. Wata safiya ta share tsakar gida, ta ɗora ruwan shayi, ta ce kanta na juyawa, ta zauna a kan turmi. Kafin in iso daga biro ta cika. Da likkafanin Baba aka suturta ta, shi ya ciro da hannunsa. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabartar Birni.

Wata huɗu bayan haka ciwo ya kwantar da shi, na gaske wannan karon. Bai kira ni ba, ƙanwata ce ta yi waya. Na je na ga yadda ya koma. Na san abin da ya rage in yi masa, kuma na ji kunyar duk mitar da na yi a baya. Na cika mota da mai, na sayo sabon yadin likkafani, na shimfiɗa katifa a kujerar baya. Na dawo na durƙusa a gabansa.

"Baba, mota na ƙofa. In muka tashi yanzu, kafin rana ta yi zafi mun isa."



"Kashe motarka," ya ce. "Innarku ma ba ta iya zama ita kaɗai ba."