Donna Melina da Gwiwoyin Garinmu

Kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai, Donna Melina Proto ta riga ta fara saukowa daga gidanta da ke can saman gari, hannu ɗaya a jikin bango. Gajimare na kwance bisa lambunan lemun tsami, teku kuwa can ƙasa kamar bai gama farkawa ba. Idan ta buɗe ɗakin gashin ƙashi na ƙaramin asibitinmu, sai ta riƙe kofin kofi da tafukanta biyu har su yi ɗumi, don a cewarta gwiwa ba ta sakin jiki da hannu mai sanyi. Sannan ta tsaya a taga tana kallon masu dakon lemo suna gangarowa da kwanduna a kafaɗa. Daga takun mutum take gane wanda zai zo wurinta kafin sanyi ya shigo, tun shi bai sani ba.

Shekara talatin da bakwai ke nan tana haka. Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

A garin da hanyoyinsa duk matakala ne, kusan kowane gida yana da labarinta. Amma wanda aka fi bayarwa shi ne na Sabatino Amatruda, mai dakon lemo tun yana saurayi. Wata safiya ƙafarsa ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse, kwando cike a bayansa. Abokan aikinsa sun ce sun ji ƙarar ɗas, kamar igiya ta tsinke, sannan suka ga lemo na gangarawa ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin teku, shi kuma yana zaune yana bin su da kallo. Aka yi masa aiki a asibitin birnin Salerno, aka hau da shi gida a kan kujera. Wata biyu ƙafar ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwasawa. Matarsa Rusina ce ta sauko ta gaya wa Donna Melina cewa mai lambun da yake yi wa dako ya fara neman wani a madadinsa, mijinta kuwa ko taga ya daina buɗewa.

Washegari da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, Donna Melina ta hau matakala ɗari huɗu zuwa gidansu. Ta same shi kwance, fuska a bango.

"Donna Melì, kin wahalar da kanki a banza," in ji shi. "Ƙafar nan ta mutu."

"Da ta mutu da ba ta hana ka barci ba, Sabatì. Naɗe wandon nan, ka daina yi mini shagwaɓa, ƙato da kai."

Ta zaro biro ta fara zane a kan fatar gwiwarsa. Ta nuna masa inda ƙashin cinya yake zama bisa ƙashin ƙwauri, da guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke tsakaninsu suna tare nauyi. Ta zana ƙoƙon gwiwa, ta ce yana da kwarinsa da yake bi, kamar kwalekwale a mashigar ruwa. Can ciki ta ja layi biyu da suka gitta juna, ta ce jijiyoyi ne, ta gaban ce ta tsinke, likita ya yanko wata daga bayan cinyarsa ya ɗaura a gurbinta.

"Baƙuwa ce," ta ce, yatsanta a kan layin. "Ba ta san gidan ba tukuna. In ba ka zaga da ita ba, wa zai yi?"

Rusina ta ce kwana uku bai bari ruwa ya taɓa zanen ba.

Sau uku a mako take hawa, ba wanda ya aike ta. Tana lanƙwasa ƙafar kaɗan-kaɗan, yana zufa yana zagin duk wanda ya gina garin a jikin dutse, ita kuma tana ba shi labarin furen lemo da ya fara buɗewa a waje. Da ruwa ya yi ɗumi ta sa aka sauko da shi bakin teku. Masu kamun kifi sun gan su shi da ita, ruwa har ƙugu, suna takawa a hankali, rana na wasa a kansu. Bayan wata tara Sabatino ya sauko da kwando babu komai a ciki. Mako na gaba ya sa lemo goma. Yau shi ne ke gaban layin masu dako.

Ke ce mai ɗumin hannu, Donna Melina. Ke ce kika koya mana cewa abin da ke cikin jikinmu yana da suna da siffa, kuma tsoro yana raguwa idan an zana wa mutum shi ya gani. Mun daɗe ba mu lura ba cewa naki gwiwoyin sun cinye, guringuntsin ya ƙare, ƙashi na gugar ƙashi. Da masu dako suka ji likita ya sa ranar da za a yi miki aiki a gwiwa, suka zo su shida suka ce daga yau a kujera za su riƙa hawa da ke. Kika ce kin gode, amma su matsa, su kalli yadda ake yi: ƙafar da ta fi lafiya ce ke gaba wajen hawa, mai ciwo wajen sauka. Kika hau, suna biye da ke a hankali, har ƙofar gida.

Mun gode, Donna Melina. Ku kuma da za ku gaji ɗakin gashin ƙashin nan, idan majinyaci ya daina zuwa, kada ku soke sunansa. Ku tambayi inda gidansa yake, ku ɗaure takalmi.