Kartar Oga da Buhun Iri

Ko na tsufa tukuf ba zan manta ranar da karta ta kusa raba ni da aikina ba, ni da ban taɓa riƙe ta ba.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a wani kamfanin irin shinkafa a Sabon Gari, ba a ma tabbatar da ni ba, ga iyali. Oganmu mutumin Legas ne, Turancinsa cike da salon maganar ofis. Zai ce ƙwallo tana filinku, wai shawara ta rage gare ku. Zai ce a fasa ƙanƙara, wai a saki jiki da baƙo. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Kullum ina damun wata abokiyar aikina da tambaya, har ta ce, "Kai dai ka cika tone-tone!" A wurinta na gano yawancin maganganun daga wasanni aka ɗebo su. Abin ya ba ni mamaki: mutane na kasuwanci da bakin 'yan wasa!

Rannan Oga ya loda buhunan iri a mota, ya ɗauke ni tafinta zuwa ƙauyen Kwalkwalawa, wurin manoman da aka taɓa sayar wa irin da bai tsira ba. A mota ya faɗa mini ƙarara: in suka ƙi namu, ba ni da sauran amfani a kamfanin.

Muna zaune a kan tabarma da manoman, Oga ya ce da Turanci zai zube duk kartarsa a kan tebur. Na san nufinsa, sai na ce, "Ya ce ba zai ɓoye muku komai ba."

Wani magidanci da ya yi boko ya ɗaga hannu. "Malam, haka yake nufi, amma karta ya ambata. Mu a kan abincin shekara muke magana, shi caca ta zo mishi a baki?"

Wallahi na ga aikina na shirin suɓuce mini. Amma son sanin nan nawa bai bar ni ba, na juya wurin dattijon da ke shugabantarsu.

"Baba, su da karta suke kwatanta gaskiya. Ku fa, in mutum zai nuna bai ɓoye komai ba, me yake yi?"

Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mu nan ba faɗi akai ba. Buhu aka juyewa bisa tabarma, kowa shi ga na ƙasa."

Na mayar wa Oga. Dokar kamfani ta hana farke buhu kafin a saya, shi ma ya sani. Duk da haka ya tashi da kwat ɗinsa, ya ari wuƙa, ya farke buhu, ya kama gindinsa ya zazzage shi kaf. Dattijon ya sa hannu a na ƙarshen, ya murza, ya ciza ƙwaya ɗaya.

"Wanga iri na da rai," in ji shi. "A sauke sauran."

Da haka na tsira da aikina. A hanyar dawowa Oga ne ya koma yi mini tambayoyi, har muka shigo gari bai gaji ba.

Tun ranar na gane sanin ma'anar magana bai isa ba. Kowace magana tana tafe da ƙanshin gidan da ta fito. Kafin ka kai ta wani gida, tambayi mutanen gidan yadda su suke nuna gaskiyarsu.