Fatar Sa a Ƙarƙashin Injin Kawu

Ni mai gyaran wutar mota ne a Tudun Wada, Gusau, kuma ba yabon kai ba, duk motar da aka turo ƙofar shagona ba da turi take fita ba. Na gyara motoci, na gyara janareta, injin ban ruwa kuwa ban san adadinsu ba. Amma injin jirgin ruwa sau ɗaya tak na taɓa sa masa hannu, shi ma ba don in gyara aka kira ni ba. Kirana aka yi in ce ya mutu.

Wanda ya kawo maganar taubashina ne, babban ɗan kawuna, malamin makaranta a Tsafe. Wata Asabar cikin tsakiyar damina ya diro shagona, takalmansa duk taɓo. Na ce, "Malam, korar ka aka yi ko alli ne ya ƙare?" Bai yi dariya ba. Nan na san da magana, don tun muna yara ban taɓa jifansa da ɗaya bai rama da biyu ba.

Kawun nawa mai fito ne a Gulbin Sakkwato, can bayan Bungudu. In ruwa ya kawo, mutanen ƙauyukan ƙetare ba su da hanyar kasuwar Nahuce ko asibiti sai ta jirginsa. Ubansa da gora ya yi fito, yana tokara ƙasan gulbi. Shi kuwa Kawu ya sayi wani tsohon inji mai tashi da makulli, ya ɗaura a bayan jirginsa na katako. Wannan injin ne ya ƙi tashi, yau kwana goma sha biyu.

Na ce, "To sai in je in duba."

Taubashina ya ce, "Ka je ka duba, amma ka ce masa ba ya gyaruwa. Tsohon nan ya haura saba'in. Mun yi, mun yi ya bar ruwa, ya ƙi. Har ɗaki na gyara masa a gidana. A kan inji, maganarka kaɗai zai yarda da ita."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Kai in aka ce ka kayar da yaron da ya ci jarrabawa, za ka yi?" Ya ce wannan daban, nan maganar rai ake yi, ran ubansa da na mutanen da yake ɗauka. Gaskiya ya faɗa. Na ce zan je, amma ban yi masa alkawarin komai ba. A zuciyata addu'a nake Allah ya sa injin ya mutu da gaske, kowa ya huta.

Washegari na ɗaure jakar aikina a bayan babur. A lokacin hanyar ba ta zama abin tsoro kamar yadda ta zama daga baya ba. Cikin jakar akwai sifana da filaya da samfefa, sai kuma abin gwajin da na fi yarda da shi, wato ƙwan fitilar babur da na haɗa wa waya biyu. In akwai wuta ya kama, in babu ya yi shiru. Bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na tarar da mashigin cike da mutane. Ƙanen Kawu, shi ma dattijo mai furfura, yana ƙetarar da su huɗu-huɗu a ƙaramin kwale-kwale da gora. Mata masu ƙoren nono suna zaune suna jiran layi, rana na cin nonon da ke ciki. Babban jirgin na ɗaure a gefe, an rufe injin da buhu. Kawu na zaune a gindin kanya, ya ba mutane baya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya miƙo mini hannun dama, hannunsa na hagu yana tallafe da gwiwar na daman, kamar yadda yaro ke gaida babba. Na yi mamaki, amma ban kawo komai a raina ba.

Ya ce, "Kai aka aiko ka yi mashi sallar gawa?"

Na ce, "Haba Kawu, ni gani na zo yi."

Ya ce, "To ga shi nan, gani."

Ashe mutum biyu sun riga ni. Wani mai gyaran babur daga Bungudu ya canza fulogi, ya wanke kafireto. Ka ji fa! Injin da ko juyawa ba ya yi, ina ruwansa da kafireto? Wanda bai tashi daga barci ba ake tambaya me ya hana shi cin tuwo? Na biyun kuma ko buɗewa bai yi ba, ya ce sitata ce ta ƙone, wato ƙaramin injin da ke fara juya babban. Irin waɗannan su ke ɓata mana suna.

Ni aikina ba a yin sa da cinta. Wuta fita take daga batir ta jar waya, ta yi aikinta, ta koma gida ta baƙar waya. In ta ɓata, gida-gida ake bin ta har a gano inda ta tsaya. Na murɗa makulli, ko ƙyas. Na duba giya, tana furi, wato a sake, yadda ya kamata. Na ɗora ƙwan fitilata a kan batir, ya haska tar. Duk da haka na kwance kawunan batirin, na kankare farin garin da ya taru kamar kanwa, na mayar na ɗaure tamau. Na murɗa, shiru. Na zare fis na ɗaga shi a rana, lafiya lau. Na bi jar waya taki-taki har bakin sitata, ɗaya wayar fitilar tana kan baƙin kan batir, ko'ina fitila na kamawa. Makullin ma yana ba da hanya.

Sai na kwance sitatar da aka ce ta ƙone, na fito da ita kan yashi, na haɗa ta da batir kai tsaye. Ta juya da ƙarfi har ta kusa tsalle daga hannuna. Na ɗaga ta sama na ce, "Ga gawarku nan tana rawa!" Mutane suka yi dariya. Na mayar da ita na ɗaure, na murɗa makulli ina murmushi. Ko ƙyas.

Kai, ranar na ji jiki. Har aka yi azahar ina abu ɗaya. Komai na da rai, inji a mace. Gumi ya jiƙe mini riga, na ji wani a bayana yana cewa, "Na Gusau ma ya kasa." Da ba don Kawu na wurin ba da na juya mun yi ta.

Na ce bari in ja shi da igiya, in ji ko muryarsa ma tana nan. Kawu ya ce, "Igiya ta tsinke tun bara." Na buɗe murfin na ga guntun da ya rage. Igiyar da ta tsinke bakinta a tarwatse yake. Wannan kuwa a daidaice yake, yankan wuƙa. Na dubi Kawu, ya kau da kai. Na kwanto igiyar ɗaure kaya daga babur ɗina, na naɗa a kan injin, na ja. A ja na uku ya yi tari, ya kama ruri, shuɗin hayaƙi ya rufe mu. Mashigi ya ɗauki ihu, mata na guɗa. Daga nan maganar taubashina ta ƙare, don ba a ce wa abin da jama'a suka ji kukansa ya mutu.

Kawu kaɗai ne bai yi murna ba. Ya ce, "Kashe shi. Da makulli nika so shi tashi."

Na ce, "Kawu, a sa sabuwar igiya mana, aiki ya ci gaba."

Ya ce, "Na ce da makulli."

Na koma ina ƙunƙuni. Sai a lokacin na tuna duk gwajin da na yi, a kan batir nake mayar da wutar. Hanyar fita na bi, ban bi ta komawa ba. Na ɗora waya ɗaya a jar waya, ɗayar a jikin injin kansa. Fitila ta yi shiru. Yawwa! Na bi baƙar waya daga batir ina ɗaga buhuna da tsummoki. Maimakon ta tafi jikin inji, sai na ga an ɗaure ta da noti a wani faifan ƙarfe da ke bayan jirgin, inda ake maƙale injin. Na gane aikin nan take, aikin 'yan sana'ata ne. Mota duk jikinta ƙarfe ne, ko'ina ka ɗaure baƙar waya wuta za ta sami hanya. Shekaru da suka wuce wayar asali ta ruɓe, wani mai gyaran wutar mota ya yi abin da hannunsa ya saba, ya manta jirgi katako ne. Sa'a ya ci, don maƙalan injin suna cizon faifan ƙarfen, wuta na bi ta nan.

Na leƙa ƙarƙashin maƙalan. Tsakaninsu da ƙarfen ga fatar sa an ninka ta biyu, sabuwa, ko gashinta bai zube ba. Ita ta raba inji da ƙarfen, wuta ta rasa hanyar komawa gida.

Na ce, "Kawu, yaushe aka sa fatar nan?"

Ya ce shi ya sa ta, da yamma. Na ce wace yammar? Ya yi lissafi da yatsu. Can ya ce, "Washegari da safe ya ƙi tashi. To amma mi ya haɗa fata da wuta?"

Inna lillahi! Na ce, "Kwana goma sha uku jama'a na wahala, an zubar da nono, an zagi inji, an zage ni, duk a kan fata?" Na kai hannu zan fara kwance maƙalan in fizge ta. Ya shigo jirgin ya riƙe ni da hannun hagu. Ya ce, "Bar ta."

Mu biyu ne a cikin jirgin. Ya rage murya ya ce girgizar injin ce ke bin sandar tuƙi tana shiga kafaɗarsa, in ya kwanta ba ya barci. Ya sa fatar ko za ta rage. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama in gani, bai wuce ƙirjinsa ba. Na ce, "Igiyar fa?" Ya ce, "Ni na yanke ta. Gara a ce ta tsinke da a ce na kasa ja."

Duk fushina ya zube. Tausayi ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. Mutumin nan shi ya koya mini iyo, yana riƙe da cikina da wannan hannun. Na gaya masa abin da ɗansa ya roƙe ni, ban rage ko ɗaya ba. Na ce, "Kawu, zan iya tayar da shi yanzu. Amma ranar da batir ya gaza a tsakiyar gulbi, jirgi cike da mutane, wa zai ja?"

Ya ce, "Kai za ka gaya mani ruwa? Tun bara na san wagga damina ita ce ta ƙarshe." Ya nuna ƙanensa da ke can yana fama da gora. "Shi zan ba. Amma a gidanmu ba a miƙa jirgi a ɗaure. Mai bari shi ke ƙetarawa, magaji ya dawo da shi. Haka ubana ya yi mani. Ba zan ba shi gawa ba, kuma ba za a ce inji ne ya kore ni daga ruwa ba."

Na zaro wata kakkaurar waya daga jakata, na goge wani noti a jikin injin da samfefa har ya yi ƙyalli, na ɗaure ta daga nan zuwa batir kai tsaye, na shafe da giris saboda ruwa. Na sa sabuwar igiya don magajinsa. Fatar kuwa na bar ta inda take. Na ce, "Bismillah, Kawu." Ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ya tashi.

Aka cika jirgi da mata da ƙore da buhuna. Kawu ya kira ƙanensa ya ce ya ɗaure kwale-kwale ya shigo, ni ma na shiga. Da hannun hagu ya tuƙa. Ya yanki ruwan a karkace, ya kauce wa wani kututture da ni ban ma gani ba, ya ajiye mu a ƙetare ko ƙwarya ɗaya ba ta girgiza ba. Ya kashe inji, ya zare makulli, ya sa a tafin ƙanensa a gaban kowa. Ya ce, "Mai da mu gida." Ƙanen ya tsaya yana kallon makullin.

A dawowa Kawu ya zauna a kan katako cikin fasinjoji, kusa da ni. Bai juya baya ba ko sau ɗaya. Amma ina kallon hannunsa na hagu a kan gwiwa, duk inda ruwa ya karkata sai ya motsa.

Da na hau tudu na sami sabis, na kira taubashina. Ya ce, "Ka gaya masa ya mutu?"

Na ce, "Allah ya kiyaye. Bugu ɗaya yake tashi, ya fi tsohon babur ɗinka lafiya. Kai dai ka share ɗakin nan ka shimfiɗa tabarma, tsohon ya ce yana tafe jibi da ƙafarsa."

Na jira ya rama. Ina jin numfashinsa a waya, amma bai iya cewa komai ba.