Ruwan da Ba Ya Jiran Damina

Jama'a, wannan ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi da ƙirƙira zan yi da ban zaɓi labarin da zan fito a wawa ba. Shekarun baya ne, lokacin ina sana'ar nama a Legas, ina da tukubar tsire a bakin wata kasuwa, iyalina kuwa suna gida Wagini ta ƙasar Batsari. Sai zama ya fara wuya a yankinmu, abin da kowa ya sani ba sai na tsaya faɗa ba, gonar nesa aka daina zuwa, yara aka hana su wuce bakin gari, har na yanke shawarar in ɗauko matata Hajara da 'ya'yanmu huɗu su dawo kusa da ni.

To matsalar ita ce gidana ba gidan masu zama wuri ɗaya ba ne. Babban ɗana Sadiƙu, mai shekara goma sha biyu a lokacin, kifi ne, da damina in ka neme shi ka rasa ka tafi kududdufi. Nafisa mai bi masa ba bishiyar da ba ta hawa, ta kuma fi mazan unguwa gudu. Basiru shi da ƙwallo har cikin barci yana shuri, auta Ummi kuwa duk inda yayyenta suka sa ƙafa nan take sa tata. Uwar tasu ma ba baya ba, mace ce da ta saba da tafiya gona da kiwon awaki, in ta wuni zaune sai ta ce jikinta na ciwo. Da na gaya mata shawarata a waya, abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Malam, ko ina ne zan bi ka, amma don Allah kada ka kai ni inda za a kulle mu a ɗaki kamar kaji a akurki. Ka nemo mana inda akwai fili."

Haka na ɗauki hutun kwana uku, na samu wani dillalin gidaje, muka shiga yawo. Unguwar farko kusa da kasuwarmu take, ɗakuna suna kallon juna, tsakar gidan ko tabarma biyu ba za ta ɗauka ba, ga kwata a bakin ƙofa, na ce a'a, nan Basiru zai fasa gilashin mutane a ranar farko. Ta biyu can nesa ce daga teku, kan tudu mai jar ƙasa, akwai rijiyar burtsatse da masallaci da makarantar firamare mai filin ƙwallo, sai dai mota biyu zan riƙa hawa kafin in isa aiki, kuma gidan tsoho ne, ba wani abin burgewa. Na ce wa dillali mu ga ta uku tukuna.

Ta ukun a hanyar Badagiri take, ka sauka daga mota ka hau babur ya shiga da kai ciki har ka fara jin ƙamshin gishiri a iska. Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Gida ne ɗan madaidaici, ɗaki biyu da falo, sabon fenti, amma ba gidan ne ya tafi da hankalina ba. Dillali ya buɗe ƙofar baya, sai ga wani fili na farin yashi, shimfiɗe sumul, ya tafi ya tafi har can inda ido ke hango ruwa yana ƙyalli kamar zare. Allahu Akbar! Ni da na tashi ina wasa a yashin gulbi da rani, nan take na ga gida. Na hango Basiru ya kafa duwatsu biyu ya yi gola, na hango Nafisa tana tsere, har inda Hajara za ta ɗaure awaki na zaɓa a zuciyata.

Don kada a ce ban yi tambaya ba, na tambayi dillali ko ruwa na zuwa nan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce yana zuwa kaɗan-kaɗan, ya koma. Ni kuma da kaina na Batsari na fassara maganar yadda na san ruwa, wato da damina gulbi ya kawo, ya yi kwanakinsa ya janye, sauran wata takwas yashi na yara ne. Ai kowa ya san ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari, in ma a wani gari aka yi ruwan kana jin rugugin gulbi tun daga nesa ka kwashe yaranka. Na ce masa na ɗauka, gobe da safe mu haɗu da mai gida. Ya hau babur ya tafi, ni kuma daɗi ya hana ni tafiya, na ce bari in yi azahar a nan in ƙara kallon filina.

Na idar da salla ke nan a gindin wata bishiyar kwakwa da ke bakin yashin, sai na ji an yi mini sallama daga gefe. Wata tsohuwa ce zaune a ɗaya gefen bishiyar, 'yar siririya, da baƙin zane irin na iyayenmu na da, kuma ban ji zuwanta ba. Abin da ya fara ba ni mamaki Hausarta. Ba irin ta 'yan Legas ba ce, tamu ce tsantsa, ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina dabbobi, ya aka ji da tahiya. Na durƙusa na amsa, na ce, "Inna, daga ina?" Ta ce daga ƙasar Safana aka kawo ta, an daɗe. Daɗi ya kama ni, na ce lallai na dace, Hajara ta samu uwa tun kafin ta zo.

Sai ta ce, "Kai ne za ka kama gidan ga?" Na ce in Allah ya yarda. Ta ce, "Ɗiyanka nawa?" Na ce huɗu. Idonta na can wajen bakin ruwa kamar mai jiran wanda ya tafi aike. A lokacin ne na lura zanenta jiƙe yake sharkaf daga gwiwa zuwa ƙasa, alhali yashin da muke kai bushe yake har yana ƙona ƙafa.

Ta ce, "Ɗana, ruwan ga ba irin namu ba ne, ba shi jiran damina." Na yi 'yar dariya irin ta wanda ba ya so ya musa wa babba, na ce, "Inna, ai ko gajimare babu." Ba ta ko kalle ni ba ta ce, "Wanda uwa tai ba ta hwaɗin suna nai, shi za shi fara shiga, don ya iya ruwa. Ƙannen su bi shi."

To jama'a, ku ji nan. Kun dai san al'adarmu, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari don kunya, kuma Hajara tun da ta haifi Sadiƙu ba ta taɓa furta sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Wannan kowace tsohuwa za ta iya cinka. Amma wa ya gaya mata namiji ne na farin, wa ya gaya mata ya iya ruwa? Ni dai ban ambaci komai ba sai huɗu. Na buɗe baki zan tambaya, ta ɗaga hannu ta ce, "Zamna nan har la'asar, kada ka tashi. Ni ba a ce mani in zamna ba."

Na zauna, ba don na yarda ba. Rana tana nan tarwai, sama fes, ba iska ba tsawa. Can sai na ga wani kwari da ke ratsa filin, wanda ban ma kula da shi ba da farko don bai kai zurfin kunyar gona ba, ya fara duhu. Ruwa ne ke shigowa ta cikinsa, shiru, ba ko ƙara, yana rarrafe kamar maciji. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne kwarin ta kusa da gida yake, tsakiyar filin kuwa tana nan a bushe, fara tas. Wato yaron da ke ƙwallo a tsakiya ba zai san komai ba, sai ya juyo zai dawo gida ya tarar ruwa ya raba shi da gida. Ina kallo kwarin ya cika ya faɗaɗa, ruwan na gudu da ƙarfi har ya ja wani guntun katako ya wuce da shi, tsibirin yashin nan ya yi ta ƙanƙancewa, kafin a kira la'asar inda na yi wa Basiru gola ya zama teku.

Na juyo in ce Inna kin yi gaskiya, ba kowa. Wallahi tallahi ba kowa. Gabana ruwa, bayana katangar gida, dama da hagu yashi ne buɗe da za ka hango ko akuya daga nesa, tsohuwa kuwa ba gudu za ta yi ba. Inda ta zauna yashin ya jiƙe, ya yi shatar mutum, amma ba sawun ƙafa ko ɗaya da ya zo wurin ko ya bar shi, sai nawa. Na ɗauki takalmana a hannu, ban tsaya sawa ba sai da na kai bakin hanya.

A tashar babura akwai wani mai shayi ɗan Arewa, ya ce shekararsa tara a wurin, bai taɓa ganin tsohuwa Bahaushiya a unguwar ba. Wani masunci da ke shan shayi ya yi mini bayanin ruwan yana dariya, wai sau biyu yake zuwa kullum, kuma lokacinsa na matsawa kowace rana, ko ɗan goye a nan ya san haka. Shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gaya mini. Da na tambaye shi tsohuwar, dariyar ta tsaya, ya ajiye kofinsa ya ce shi bai ga kowa ba, ya tashi.

Gidan tudu na kama, mai jar ƙasa da mota biyu. Hajara ta samu bayan gida ta shuka alayyafo, yara suka mamaye filin makaranta, ni kuma na saba da fita da sassafe. Na ba ta labarin, ta ce in daina, tsoro take ji.

Da sallar layya ta zagayo yara suka dame ni sai sun ga teku, ni kuma wani abu ya ja ni na kai su can ɗin tare da uwarsu, don ina so su gani da idonsu su kiyaye. Muna sauka daga babura, ina cikin gyara wa Ummi takalmi, Sadiƙu ya hango ruwa. Ruwan ya fara shigowa kwarin nan ke nan. Kafin wani ya yi magana ya tuɓe riga ya sheƙa, Nafisa ta bi shi, Basiru ya bi ta, har Ummi ta fizge hannunta daga nawa, daidai yadda aka faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji ba a bakin matata: "Sadiƙu!" Yaron ya tsaya cak, ƙafarsa ɗaya a cikin ruwa, ya juyo baki buɗe, don tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Wannan mamakin ne ya riƙe shi har na isa na damƙe shi, ruwan na jan yashi daga ƙarƙashin ƙafata.

Da muka tattara su, Hajara, hawaye na zuba, ta ce in nuna mata inda matar ta zauna. Na kai ta gindin kwakwar. Ta durƙusa a gaban wurin da ba kowa, ta yi gaisuwa cikakkiya kamar a gaban uwarta, sannan ta ce, "Mun gode, Inna. Allah ya haɗa ki da naki 'ya'yan."

Har yau ban san mutum ce ko aljan ko wani abu daban ba, kuma na daina tambayar malamai don kowa da abin da yake cewa. Tsoron ya ragu, tausayi ne ya rage mini, kuma in na tuna yadda take kallon bakin ruwan nan sai abinci ya fita raina. 'Yan'uwana da ke kwashe iyali zuwa Kudu, don Allah kada ku kama gida da gani ɗaya. Ku je da safe, ku koma da yamma, ku tambayi ko abin da kuke jin kunyar tambaya, don abin da kowa ya sani a gari shi ne ba wanda zai gaya wa baƙo. In kuma wata tsohuwa ta ce ku zauna, ku zauna, kuma ku sa ta a addu'a.