Kunun Gyaɗar Gidan Surukata

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma ranar da na zauna a gindin wata bishiyar bedi a unguwar Talladje na cika takarda da ƙarya, wannan kam za ta bi ni har kabari. Shekaru sun wuce, yarinyar da abin ya shafa yanzu tana kwalej, amma har yau in na ji ƙamshin gyaɗa ana soyawa sai gabana ya faɗi.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne, a kwalej na tsaya, wato ƙaramar sakandare. Sai dai rubutuna yana da kyau, kuma ina jin Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransanci, shi ya sa aka ɗauke ni cikin masu anket, wato masu bi gida gida suna tambaya. Aikin na wasu ma'aikatan lafiya ne, suna son su gane yawan gubar da ke shiga jikin ƙananan yara ta hanyar abinci. Shugabarmu ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, mutuniyar Maraɗi. Madam muke ce mata.

A satin farko ta tara mu a biro, wato ofishinmu da ke unguwar Dar es Salam, ta yi mana bayani. Ta ce akwai gubar da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba. Ba lalle ido ya gan ta ba, wuta ba ta kashe ta, kuma a hankali take taɓa hanta, tana tauye girman yaro.

"A labo, ɗakin gwaji, za su gaya mana gubar da ke cikin cokali ɗaya na tigadege," in ji ta. Tigadege shi ne niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake miya da kunu da ita. "Amma labo bai san cokali nawa yaro ya sha ba. Ku ne za ku kawo mana wannan. Sai mu haɗa biyun, mu duba da nauyin yaron. Ludayi biyu a cikin babba da ludayi biyu a cikin ɗan yaye ba ɗaya ba ne."

Wani abokin aikinmu mai barkwanci ya ɗaga hannu. "Madam, to in mun tarar ana cin dambu da kopto, kwaɗon zogalen nan, fa?"

"Ka rubuta. A takarda na ce, ba a cikinka ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Aikin bai yi mini kama da abin tsoro ba. Ka shiga gida, ka tambayi abin da yaro ya ci jiya tun daga safe har ya kwanta, ka nuna ludayi da kofi da cokali a gaya maka yawansa, ka ɗora yaron a balas ka auna, ka ɗebi abincin kaɗan a sashe, wato ƴar leda, ka manna lambar gidan. Doka ɗaya Madam ta maimaita: in ka san mutanen gidan, ka faɗa, a ba wani.

Sati uku na yi aikina tsakani da Allah. A na huɗu aka tura ni Talladje. Ina bin lambobi ina ƙirga ƙofofi, sai na tsinci kaina a gaban wata shuɗiyar ƙofa da na sani kamar tafin hannuna. Gidan surukata ne, mahaifiyar matata. Yaron da ke cikin jerin kuwa ƴata ce, ƴar farina, wadda muka kawo daga unguwarmu ta Bobiyel wata biyu da suka wuce don a yaye ta a wurin kakarta, kamar yadda aka saba.

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane abin da ya tsayar da ni ba. Tunda na auri matata ban taɓa cin ko lomar tuwo a gaban Inna ba. In na zo gaisuwa, a bakin rumfa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa. Yanzu in shiga da ludayi a hannu in ce, "Inna, nawa kika zuba wa yarinya jiya?" Ai kamar na zo tuhumarta ne da hana ƴata abinci. Ga shi kuma ƴar fari ce, wadda ko sunanta ba na kira a gaban manya.

Da kunyar ce kaɗai, da na koma biro na faɗa an ba wani. Amma zan faɗi gaskiya tunda gaskiya na zauna rubutawa: akwai girman kai. Ban so abokan aikina su shiga gidan su ga tabarmar da ta yage da tukunya ɗaya a murhu, su dawo suna cewa nan ne gidan surukan wane. Na sha yi musu cika baki.

Sai na wuce ƙofar kamar ban gan ta ba, na sami bedi na zauna. Na rubuta wa ƴata abincin da nake so a ce tana ci. Da safe koko da madara. Da rana shinkafa da miya da yankan nama. Lemo. Da marece tuwo. Gyaɗa kuwa, cokali ɗaya a miya. Nauyinta na ƙiyasta, na ɗan ƙara. Na shiga wata butik, ɗan kantin unguwa, na sayi tigadege mai kyau na zuba a sashe, na manna lamba. Allah Ya yafe mini, har daɗin dabarata na ji.

Gidan da ke jikin na Inna shi ma yana cikin jerina, shi kam na shiga na yi aikin yadda ya kamata. Matar gidan abokiyar sana'ar Inna ce. Tare suke sayen buhun gyaɗa, tare suke soyawa su kai inji, su yi tigadege da ƙuli-ƙuli na sayarwa. Na roƙe ta kada ta ce wa Inna ta gan ni, na ce sauri nake yi.

Bayan wasu makwanni sakamako ya fito. Madam ta manna babbar takarda a bango, kowane gida da lambarsa da launinsa: kore, rawaya, ja. Ta ce gidajen da suka fito ja za a koma musu da likita a duba yaran, a nuna wa iyaye abin da za su gyara. Na kore kuwa an gama da su.

Idona ya sauka a kan lambar maƙwabciyar Inna. Ja. A ƙarƙashinta, lambar gidan Inna. Kore shar.

"Ku duba wani abu," in ji Madam, ta ɗora alƙalami a kan lambobin biyu. "Katanga ɗaya ta raba su. Wannan na jan, sana'ar gyaɗa suke yi. Mun ga irinsa da yawa: a tsince mai kyau a sayar, wadda ta motse ta yi baƙi a bar wa gida, a dama wa yara kunu. Wancan kuwa, uwar ta iya ciyar da yaro. Malam, kai ka yi anket ɗin gidan ko? In mun koma unguwar ka kai ni wurinta, ta taimaka mana ta yi wa maƙwabta magana."

Na ce to. Ban san da wane baki na faɗa ba.

Da na koma gida na tarar da matata tana tankaɗe. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na ce, "Wai me Inna ke ba yarinyar nan?"

Ta ajiye rariya ta kalle ni. "Ikon Allah. Yau kai ne ke tambayar ƴar fari? Ko an yi maka wahayi?"

"Tambaya ce kawai."

"Kunun gyaɗa mana. Tunda aka cire ta a nono ta ƙi komai sai shi. Safe, rana, marece, har tsakani. Inna ta ce in ba shi ba sai kuka."

Kwana uku abinci ya ƙi shiga mini. In na ɗauki cokali sai in ji muryar Madam tana cewa ludayi biyu a cikin ɗan yaye. Na riƙa yin lissafin da kaina, ni da ban iya lissafi ba: kofi huɗu, kullum, wata uku da wani abu, a jikin da bai kai rabin buhun siminti ba. Sai in ce wa kaina wataƙila Inna ba ta yi irin na maƙwabciya. Sai in tuna buhu ɗaya suke rabawa.

Ranar Lahadi na tafi gaisuwa. Na cire takalmi, na durƙusa. Inna na zaune da faifai biyu a gabanta tana tsintar gyaɗa. Masu ƙiba ja-ja suna tafiya dama. Motsattsu, masu baƙin ciki da ɗigon kore, suna tafiya hagu, cikin ɗan kwanon da na san na gida ne. Ƴata na zaune a gefenta, ta riƙe kofi da hannu biyu, kunu ya yi mata gashin baki. Wuyanta ya yi mini siriri fiye da yadda na sani.

"Ƙawata, ga baƙo," Inna ta ce mata. "Ba ki gaishe shi? To shanye, shanye, kada ya roƙe ki."

Yarinyar ta ɗaga kofin ta shanye a gabana. Kuma, jama'a, ban ce komai ba. Na yi gaisuwa, na tambayi gajiya, na sa takalmina na fita. Wannan ya fi cika takardar ƙarya yi mini ciwo, don a gindin bedi ban sani ba, amma a ranar na sani. Na tura moto, wato babur ɗina, har bakin titi na tsaya. A nan na gane in na bari aka kai wani sati, ni ne nake ɗura mata, ba Inna ba.

Litinin tun kafin sauran su zo na sami Madam. Na gaya mata duka: bedi, butik, ƙaryar nama da lemo, da cewa yarinyar ƴata ce. Ta ɗago ta dube ni.

"Takarda nawa ka yi wa haka?"

"Ita kaɗai, Madam. Wallahi."

"Ta yaya zan sani?"

Ta tashi ta ɗauki jakarta. "Wannan maganar za mu yi ta daga baya. Ɗauko balas da ludayi. Kuma kai za ka yi tambayar, da bakinka."

Inna ta yi mamakin ganina ranar aiki tare da baƙuwa. Ta shimfiɗa wa Madam tabarma, suka gaisa. Na durƙusa a inda na saba, na fito da ludayin.

"Inna, ki yi haƙuri. Jiya da safe, me yarinya ta sha?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen Madam, ita take ba amsa ba ni ba. Kunu. Ludayi uku. Da hantsi kuma biyu. Da rana an gwada tuwo ta tofar, aka koma kunu. Ina rubutawa, hawaye na ɗiga a kan takardar. Muka ɗora yarinyar a balas, allurar ta tsaya nesa da abin da na ƙaga. Muka ɗebi kunun kaɗan a sashe don labo.

Madam ta ɗauki ɗan kwanon hagu ta zuba ƙwaya kaɗan a tafinta, ta yi wa Inna bayani a hankali, kamar ƴa da uwa. Inna ta saki mayafin.

"Ke ƴar nan, kina nufin da hannuna nake ba ƙawata guba? Mu da muka tashi ba a zubar da gyaɗa? Ta kasuwa ce dole ta yi kyau don kada a raina mu. Ta gida ai ciki ne, ba ya gani."

"Inna, ke ba ki sani ba," in ji Madam. "Ba wanda ya taɓa gaya miki. Shi kuwa an gaya masa."

Sai ta faɗi abin da na yi, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. A karo na farko tunda na shigo danginta, Inna ta dube ni ido cikin ido.

"Jiya ka zo nan. Ka ga tana sha."

"Na gani, Inna."

"Kana jin kunyata."

Na sunkuyar da kai.

"To daga yau, in maganar lafiyar yarinyar nan ce, ka cire kunyar tare da takalminka, ka bar su a bakin rumfa. In za ka fita ka ɗauki abinka."

Ta miƙa kwanon za ta watsa wa awaki, Madam ta riƙe mata hannu ta ce su ma kada a ba su. Ni na haƙa rami a bayan gida na binne.

Sakamakon gidan Inna ya dawo ja, kamar na maƙwabciya. Na yi kwanaki ina jiran abin da likita zai ce game da jinin yarinyar, kwanakin da ba na fata ko maƙiyina ya gani. Ya ce hantarta lafiya lau a iya abin da aka gani, amma nauyinta ya gaza na tsararrakinta, kuma ba zai iya rantsewa ko kunun ne ko wahalar yaye ba. Aka sauya mata abinci, muka riƙa kai ta awo duk wata har ta murmure. Har yau ita ce mafi ƙanƙantar jiki a cikin ajinsu. Matata ta ce gadon dangina ne. Ni ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Aikin kam na rasa shi, kuma daidai ne. Abokan aikina sun sake bin duk gidajen da na yi, cikin rana, don ba wanda zai ƙara yarda da rubutuna. Mai barkwancin nan ya daɗe ba ya amsa gaisuwata.

A da ina ganin takardar anket takarda ce kawai, a cika a miƙa. Yanzu na san kowace lamba a cikinta cikin wani yaro ne, kuma manyan masu ilimi da injinansu ba sa ganin komai sai abin da ƙaramin ma'aikaci irina ya rubuta musu. Kunya tarbiyya ce, ban daina ta ba, har gobe a durƙushe nake gaida Inna. Amma na koyi cewa abin da na kira kunya a ranar, rabinsa tsoron a raina ni ne, kuma ƴata ce ta riƙa shanye shi, kofi huɗu a rana.