Ranar da Kaka ta Ɓace a Bakin Tafki

A Maradi, kusa da murhu Kaka take yi mana tatsuniya, bayan an sauke tukunyar tuwo. Amma daren da na fi tunawa ba a can aka yi shi ba. A Guangzhou ne, a unguwar Dengfeng, can saman wani bene da muke haya.

Baba yana sarar jakunkunan mata a garin Shiling yana aikawa gida, mu kuma muna tare da shi, ni da Umma da ƙanena Sani. A shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar ya ɗauko Kaka, mahaifiyarsa, don a yi mata aikin ido. Gidan babu murhu, ita kuwa ta ce tatsuniya ba ta fitowa a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki. Sai Umma ta kashe wuta, ta kunna ɗan ƙaramin gas a ƙasa, ta ɗora butar shayi, mu kewaye shuɗin harshen wutar nan duk da zafin garin.

Lokacin ana yawan tsayar da baƙi a titi ana tambayar takardu, don haka fasfonmu duka yana aljihun Baba, Kaka kuma ba ta leƙa ko ƙofa. Da idon ya warke, direban da ke kai Baba Shiling ya ba shi labarin wani wuri a bayan gari, mai tafki da itatuwa da wata tsohuwar coci. Da Baba ya ji coci, sai ya ce gara a haƙura.

"An gyara mini ido, kuma bango kawai zan riƙa kallo da shi?" in ji Kaka. "Ginin zan gani, ba addini zan sake ba."

Haka muka tafi. Wurin ya yi kyau ƙwarai. Cocin ta jajayen tubali ce, gansakuka ta hau gindinta, tagoginta masu gilashi kala-kala, ga hotonta kwance a cikin ruwa. Kaka ta daɗe tana kallon tafkin, sannan ta ce, "Ashe su ma suna da bado." Muka shimfiɗa tabarma muka ci dambun da Umma ta yi. Daga nan Baba ya kai ni da Sani hawa ƙaramin jirgin ruwa, Umma ta tafi neman ruwan sha, Kaka ta ce ita tana nan.

Muna tsakiyar tafki hadari ya haɗo. Kafin mu iso gaɓa ruwa ya kece. Muka tarar da Umma tsaye a kan tabarma tana waige-waige. Babu Kaka.

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya fara duban ruwan tafkin, ya yi sauri ya kau da kai. Ya bi masu sayar da kaya ɗaya bayan ɗaya yana kwatanta tsohuwa mai lulluɓi, kowa sai ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu. Kaka ba ta san sunan unguwarmu ba, ba ta jin ko kalma ɗaya ta mutanen, takardarta kuma tana ƙirjin Baba. Umma tana ta salati, Sani yana kuka, ni kuwa muryata ta dushe da kiran "Kaka!"

Umma ce ta lura dardumar salla ba ta cikin kayanmu. Ta ce, "Alhaji, la'asar ta yi fa." Muka zagaya bayan cocin a guje.

A wata 'yar baranda muka sami Kaka, zaune a kan dardumarta tana tahiya. A gefenta wata tsohuwa 'yar ƙasar, mai sharar wurin, ta jingine tsintsiyarta ta riƙe mata lema saboda feshin ruwa. Ga roba da sauran ruwan alwala. Duk wanda ya zo fakewa, sai ta daka masa tsawa ta nuna masa ya bi ta baya.

Baba ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen siminti. Da ta sallame ya ce, "Inna, kin kusa kashe ni."

"Salla na yi, ɗan nan. Tashi, kana ɓata rigarka."

Ya yi ta ce wa matar "shiye-shiye", godiyarsu ke nan, har ta fara dariya. Kaka ta kwance bakin zane ta miƙa mata goro. Matar ta gutsura, ta yamutsa fuska, duk muka tuntsire, har Sani mai hawaye.

Da daddare aka kunna gas, Kaka ta gyara zama ta ce, "Ku matso, ga wata ta taso daga nesa."

Muka ce, "Ta sauka lafiya."

Ta ce wai an yi wani gari a bakin tafki, inda ake gaya wa yara cewa mutanen tsallake wutsiya gare su, kuma baƙo suke ci. Wata shekara wutar garin duka ta mutu, ruwa ya jiƙa ƙirare. Wata yarinya ta hango hayaƙi a tsallake, ta ɗauki kasko ta haye. Ta tarar da wata tsohuwa a bakin murhu. Tsohuwar ta zuba mata garwashi, amma ta ƙi juya mata baya. Yarinyar ma ta ƙi juyawa. Suka yi ta zagaya murhu, kowace na leƙen bayan 'yar'uwarta.

"Can tsohuwar ta gaji," in ji Kaka, tana sirantar da murya, "ta ce, 'Yarinya, don Allah ina kika ɓoye taki wutsiyar?' Ashe su ma abin da ake gaya musu ke nan! Nan na ajiye ta, mai so ya ɗauka."

Muka yi ta dariya, Sani yana shafa bayansa.

Sai bayan rasuwar Kaka, ina da aure, Umma ta gaya mini abin da Kaka ta faɗa mata a ranar. Wai ta tashi neman inda za ta fake ta yi salla, ruwa ya rufe mata hanya, ta rasa gabas ta rasa inda muke. Da matar nan ta kamo hannunta ta nufi cocin da ita, tsoro ya kama ta. Ita ma matar sai satar kallonta take yi, kamar ba ta taɓa tsayawa kusa da baƙar fata ba. Kaka ta kwatanta wanke fuska da hannu, ta ɗaga tafukanta sama. Matar ta gane, ta kawo ruwa. Da Kaka ta kwatanta faɗuwar rana, ta nuna mata yamma, don can ce alƙiblar ƙasar.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka ba ta san tsoro ba. Yanzu na san ta ji shi sosai, kuma a tsorace ta bi hannun da aka miƙo mata. Ba mu taɓa sanin sunan matar ba. Umma ta ce har Kaka ta bar duniya, in tana addu'a takan sa ta a ciki, ta ce, "da 'yar'uwata mai lema."